Ma'anar "palliative" da kuskuren fassara ta da "tallafi"

Tun lokacin kullen korona a 2020 kalmar "palliative" ta shiga bakin 'yan Najeriya, ta kuma zauna daram bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. A yau da an ambace ta, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne layin mata cikin rana, kowace da kati a hannu, ana auna musu shinkafa a leda.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake fassara ta a rediyo da "tallafi", sunan da tuni aka ba "subsidy". Sai ka ji mai karanta labarai yana cewa an raba tallafi saboda cire tallafi, mai sauraro ya ɗauka abin da aka karɓe ne aka maido masa, alhali wanda aka cire rangwame ne da ke cikin farashin kowace lita, wanda ke shafar kuɗin mota da na masara kullum, wanda aka raba kuwa rabon yini ɗaya ne, wanda ya samu ya samu.

Asalin kalmar daga Latin ne, daga "pallium", wato mayafi ko alkyabbar da ake yafawa a kan tufafi. Ma'anarta ta farko ke nan, lulluɓe abu ba tare da an kawar da shi ba, kamar mai gyambo ya ja riga ya rufe ƙafarsa, shi ya sa har yau Turawa ke amfani da danginta ga wanda ke neman sassauta munin laifi. A asibiti kuma tana da mutunci sosai, domin tana nufin kulawar da ake ba majinyacin da cutarsa ta tsananta, kamar ciwon dajin da ya ci jiki, a rage masa zogi, a kwantar masa da hankali shi da iyalinsa. Wani likitan Kanada, Balfour Mount, shi ya laƙaba wa wannan fanni sunan a shekarun 1970, kuma likitan kirki ba ya ce wa majinyaci wannan waraka ce.

Saboda haka editocin da suka rubuta "kayan rage raɗaɗi" a Agustan 2023, lokacin da gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha, su ne a ganina suka yi wa mai karatu adalci, domin fassararsu ta amsa cewa ciwon yana nan.