Saitin bayas a tsofaffin amfilifayoyin jitar bes masu bawul

Bayas shi ne ƙarfin lantarki mai alamar ragi da ake ɗora wa giridin manyan bawul na amfilifaya, wato siririyar wayar da ke cikinsu mai sarrafa gudun wuta, domin ƙayyade wutar da ke ratsa su lokacin da ba a kaɗa komai. Bawul kwalbar gilashi ce da aka zuƙe iskar cikinta, kuma da ita aka gina fitattun amfilifayoyin bes na Amurka: Fender Bassman da ya fito a 1952, da Ampeg B-15 na 1960, da Ampeg SVT na 1969 mai ƙarfin wat 300, wanda ke ɗauke da manyan bawul shida.

Idan wutar ta yi yawa, farantin ƙarfen da ke karɓar wuta a cikin bawul yakan yi ja kamar garwashi, bawul ɗin ya mutu da wuri, wani lokaci ma ya tafi da taransifomar fitar da sauti. Idan ta yi kaɗan, sautin yakan bushe, ya riƙa ƙarce a ƙananan kaɗe-kaɗe. Masu gyara sukan tsaya tsakanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na iyakar zafin da faranti ke jurewa. Bawul 6L6GC yana jure wat 30, kashi 70 nasa wat 21 ke nan. In an auna bolt 450 a faranti, sai a raba 21 da 450, a sami kimanin miliamfiya 46.

Hanyar awo mafi aminci ita ce sanya resista (ɗan abin da ke rage gudun wuta) mai om 1 tsakanin ƙafa ta 8 ta bawul ɗin, wato katod, da jikin ƙarfen amfilifayar. Milibolt nawa mita ta nuna a kanta, miliamfiya ke nan. A bar na'urar ta yi ɗumi kamar minti 15, a rage ƙara gaba ɗaya, sannan a juya abin saitin bayas a hankali. Kada a taɓa kunna ta ba tare da sifika a haɗe ba.

Haɗarin nan na gaske ne. Manyan kapasitoci, wato ma'ajiyar wuta, suna riƙe wutar da ta isa kisa ko bayan an cire fulogi, kuma a SVT ƙarfin ya haura bolt 600. Dole a sauke musu wutar ta cikin resista, a tabbatar da mita, kafin hannu ya shiga ciki.

Sau da yawa laifin ba na saiti ba ne. In bawul ɗaya ne kaɗai ke yin ja, a musanya masa gurbi da ɗan'uwansa. In jan ya bi shi, bawul ɗin ne ya lalace. In ya tsaya a gurbin, sai a duba kapasitar da ke kawo sauti giridi, domin tsohuwa takan yi yoyo ta cinye bayas, a kuma duba ko ƙafar soket ta saki. Gurnani mara yankewa yawanci daga busassun kapasitocin tace wuta yake. A Fender, resistar om 470 da ke ƙafa ta 4 ta bawul takan ƙone idan bawul ya yi shot, wato wuta ta haɗe a cikinsa.

Galibin waɗannan na'urori an ƙera su ne don wutar Amurka mai kusan bolt 120, a Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ake samu, don haka sai da taransifomar rage wuta. Wutar janareta mai hawa da sauka tana sauya awon, saboda haka a auna wutar bango kafin a fara saiti.