Kariyar masu kare haƙƙin ɗan'adam a yankunan rikici

Mai kare haƙƙin ɗan'adam shi ne duk wanda ya tsaya, shi kaɗai ko cikin ƙungiya, yana neman a mutunta haƙƙin jama'a ba tare da ya ɗauki makami ba. Ba lalle sai lauya ba. Likitan da ke yi wa matan da aka yi wa fyaɗe aiki yana cikinsu, haka ɗan jaridar da ke tattara sunayen waɗanda aka kashe, haka uwar da ke bin ofisoshi da hoton ɗanta da aka ɗauke cikin dare. A inda ake yaƙi halinsu gaba kura ne baya siyaki: masu ɗauke da makamai na ɗaukar su 'yan leƙen asirin gwamnati, jami'an tsaro kuma na zargin su da haɗa baki da maƙiya.

Tushen doka

Ranar 9 ga Disamba 1998 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sanarwa kan masu kare haƙƙin ɗan'adam, bayan an shafe fiye da shekara goma ana ja-in-ja a kanta. Sanarwar ba ta da ƙarfin yarjejeniya, amma ta ɗora wa kowace gwamnati alhakin tsare lafiyarsu. A 2000 aka naɗa Hina Jilani, lauya 'yar Pakistan, wakiliya ta musamman ta farko kan batun. Hukumar haƙƙin ɗan'adam ta Afirka da ke Banjul ta samar da makamancin wannan muƙami a 2004.

Kwaddibuwa ce ta fara yin dokar kare su a Afirka, a 2014. Burkina Faso ta biyo baya a 2017, Mali a 2018, Nijar a 2022, sai Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 2023.

Hanyoyin kariya

Tsohuwar dabara ita ce rakiya. Ƙungiyar Peace Brigades International, wadda aka kafa a 1981, takan tura 'yan sa-kai daga ƙasashen waje, ba bindiga ba sanda, su kwana gida ɗaya da wanda ake yi wa barazana, su raka shi kotu da kasuwa. Hikimar ita ce mai niyyar kisa yakan yi shakka idan ya san idon duniya na wurin. Sun fara a Gwatemala a 1983, suka shiga Kolombiya a 1994. Kolombiya kuwa ta kafa hukumar kariya ta gwamnati a 2011, mai ba da rigar sulke, wayar hannu, wani lokaci har da mota mai sulke da masu gadi. Duk da haka shekaru da dama ƙasar na kan gaba a duniya wajen kashe irin waɗannan mutane, galibi shugabannin ƙauyuka da ke nesa da birni. Akwai kuma tallafin gaggawa da kai mutum wani gari ya fake na ɗan lokaci, aikin da Front Line Defenders, wadda Mary Lawlor ta kafa a Dublin a 2001, ta shahara da shi.

Misalai daga Afirka

Dakta Denis Mukwege ya buɗe asibitin Panzi a Bukavu, gabashin Kwango, a 1999. A Satumbar 2012 ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya yana neman a hukunta masu amfani da fyaɗe a matsayin makami. Wata guda bayan haka 'yan bindiga suka shiga gidansa, suka tsare 'ya'yansa mata, suka jira shi. Da ya iso suka buɗe wuta, mai gadinsa ya rasa ransa, shi kuma Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya tafi Turai da iyalinsa. Matan da ya yi wa magani ne suka riƙa sayar da abarba da albasa suna tara masa kuɗin jirgi, ya kuwa dawo a Janairun 2013. Daga nan ya tare a cikin asibitin, sojojin kiyaye zaman lafiya na gadinsa. A 2018 ya samu kyautar zaman lafiya ta Nobel.

Abin da ya fi ciwo shi ne inda barazanar ke fitowa daga hannun da doka ta ce ya yi kariya. Daouda Diallo ya jagoranci wata gamayya da aka kafa bayan kisan gillar Yirgou na Janairun 2019 a Burkina Faso, tana tattara bayanan kashe fararen hula, musamman Fulani. Ranar 1 ga Disamba 2023 wasu mutane cikin farin kaya suka ɗauke shi a harabar ofishin fasfo a Wagadugu. Daga baya hotonsa ya bayyana sanye da kakin soja, abin da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka bayyana da tilasta shi shiga aikin soja don a rufe masa baki. Sai a Maris 2024 aka sake shi, alhali ƙasarsa na da dokar kariya tun 2017. A Nijar ma an tsare Moussa Tchangari na ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens a 2015, bayan ya yi magana kan halin da mutanen da aka kwashe daga tsibiran Tafkin Chadi suka shiga, aka kuma sake kama shi a gidansa da ke Yamai a Disambar 2024, shekara biyu da kafa dokar.