Lambun Tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Lambun tsirrai fili ne da ake killacewa domin renon itatuwa da ciyayi iri-iri, a kiyaye su da sunayensu, ta yadda ɗalibi ko mai bincike zai ga tsiro a raye maimakon ya tsaya ga hotonsa a littafi. Wanda aka fi sani a Zariya yana cikin babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, jami'ar da aka buɗe a shekarar 1962, kuma masu nazarin ilmin tsirrai ne suka fi amfani da shi.

Zariya tana cikin yankin da damina kan sauka daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, da ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, abin da ya sa kamannin lambun suke sauyawa ƙwarai tsakanin damina da rani. Itatuwan wannan ƙasa sun haɗa da ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka da maɗaci, wanda masu maganin gargajiya kan sassaƙi ɓawonsa mai ɗaci har wani lokaci itacen ya bushe, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar killace wasu a inda gatari ba ya kai musu. Gawo kuwa ya saɓa wa sauran, domin yakan kaɗe ganyensa da damina, ya tofo da rani. Akwai kuma baƙin itatuwa da suka zama 'yan gida, kamar dogon yaro da asalinsa yankin Indiya ne, da itacen turare daga Ostireliya. Rimi yana da matsayi na dabam a tarihin birnin, kamar yadda sunayen unguwanni irin su Rimin Doko da Rimin Tsiwa suke nunawa.

Jami'ar tana kuma da ma'adanar busassun tsirrai, inda masu binciken magunguna suke kai samfur a tantance musu shi, a ba shi lamba.

Iyalan da suke son kai yara su sani cewa wurin karatu ne kafin ya zama wurin shaƙatawa, saboda haka neman izinin hukuma ya dace, kuma ba a tsinkar fure ko karya reshe. Safiya ta fi daɗin zagayawa, musamman a ƙarshen damina, kafin hunturu ya busar da ciyawa.