Tsiron rufe ƙasa: abin da ake nufi, da batun ground elder

Masu lambu a ƙasashen sanyi suna da wani rukuni na tsirrai da suke kira tsirran rufe ƙasa. Ba don 'ya'ya ake shuka su ba, fure ma in ya zo ƙari ne kawai. Aikinsu shi ne su bazu, su lulluɓe fili da ganye har ƙasa ta daina ganin rana. Idan ƙasa ta rufu haka, irin ciyawa ba ya samun hasken da zai tsiro, ruwan sama ba ya dukan ƙasar kai tsaye balle ya zaizaye ta, danshi kuma yana daɗewa. An fi neman su a wuraren da sauran shuke-shuke suka ƙi: gindin manyan bishiyoyi, jikin ginin da rana ba ta leƙawa, gangaren da injin yankan ciyawa ba zai iya hawa ba.

Abin da mai lambu yake so daga irin wannan tsiro shi ne ya yi saurin bazuwa, ya jure inuwa da wahala, kuma kada ya bar wani abu ya tsiro a tsakaninsa. To amma duk wanda ya taɓa fama da muguwar ciyawa ya san waɗannan su ne halayenta. Tsakanin tsiron rufe ƙasa mai kyau da annobar lambu babu wani bambanci a halitta, sai dai ko mai lambu zai iya ce masa tsaya nan ya tsaya. Babu tsiron da ya fito da wannan magana fili kamar wanda Ingilishi suke kira ground elder.

Sunansa na kimiyya Aegopodium podagraria, kuma masanin tsirrai na Sweden Carl Linnaeus ne ya rubuta shi da wannan suna a 1753. Asalinsa Turai da wasu sassan Asiya. Dangin karas ne da faski, shi ya sa furensa yake fitowa fari, ƙanana-ƙanana, a tattare bisa kai kamar buɗaɗɗiyar laima, tsakanin watan Mayu da Yuli. Ganyensa ya rabu gida uku, kowane gida kuma yakan sake rabuwa uku, bakin kowane ɗan ganye da haƙora-haƙora. Kamannin ganyen da na wata ƙaramar bishiya da ake kira elder ne ya jawo masa sunan, alhali ba su haɗa dangi ba. Shimfiɗar ganyen takan kai kamar santimita 30 daga ƙasa, karan fure kuwa yana iya kaiwa mita ɗaya. Idan hunturu ya shigo duk abin da ke sama ya mutu, sai ya sake tohowa da wuri a watan Maris ko Afrilu, tun kafin bishiyoyin da ke kansa su yi ganye. Wannan sammako yana ba shi damar shan haske kafin kowa, ya cika fili kafin maƙwabtansa su farka.

Ƙarfinsa na gaske a ƙarƙashin ƙasa yake. Abin da mutane suke ɗauka saiwa ce, a hakika kara ne da yake tafiya a kwance cikin ƙasa, irin yadda citta take yi, sai dai nasa siriri ne, fari, mai saurin karyewa. A jikin karan akwai gaɓoɓi, kowace gaɓa tana da ido da zai iya fitar da sabon ganye sama da sabuwar saiwa ƙasa. Saboda haka filin da ka gani cike da shi yana iya zama tsiro ɗaya tak da ya miƙa hannuwa ko'ina, yana tura abinci daga ɓangaren da ke samun rana zuwa ɓangaren da ke cikin duhu. Idan aka sa cebur ko injin kaftu aka daddatsa karan, ba a kashe shi ba, an rarraba shi ne, domin kowane guntu mai ido zai tashi da kansa. Iri ba shi ne babbar hanyar yaɗuwarsa ba, musamman a inuwa inda ba ya yawan fure. Mafi yawan lokuta hannun mutum ne yake kai shi sabon wuri, a cikin ƙasar da ke manne da wata shuka da aka samo kyauta, ko a cikin sharar lambu da aka zubar a bakin daji.

Mutane ne ma suka fara yawo da shi da gangan. Ana kyautata zaton Romawa ne suka kai shi Birtaniya a matsayin ganyen ci, daga baya kuma gidajen sufayen Kirista suka riƙa shuka shi don maganin ciwon gaɓoɓin nan mai kumbura babban yatsan ƙafa, wanda daga sunansa aka samo kalmar podagraria. Har yau a Jamus da Rasha akwai masu tsinkar ɗanyen ganyensa kafin ya yi fure su dafa. A nan dole a ja kunne: a danginsa akwai tsirrai masu dafin da ke kisa, furensu fari iri ɗaya da nasa, don haka wanda bai ƙware wajen tantance su ba kada ya kai ko ɗaya baki. Ƙorafi a kansa ma ba sabo ba ne. Tun a 1597 masanin tsirrai na Ingila John Gerard ya koka cewa inda ya kafu ba ya fita, kullum sai ƙara cin fili yake yana cutar da shuke-shuken kirki.

Duk da haka ana sayar da shi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Akwai wani nau'i mai suna Variegatum wanda bakin ganyensa fari ne mai ɗan ruwan madara, cikin kuma kore mai haske. A wuri mai duhu, ƙarƙashin bishiyar da saiwoyinta suka shanye ruwa, wannan ganye yana haskaka wajen, kuma gaskiya yana da kyau. Ba ya buƙatar taki mai yawa, ba ya buƙatar kulawa. Masu sayarwa sukan ce wannan nau'in ba shi da zafin yaɗuwa kamar koren, kuma akwai gaskiya a ciki, tunda farin ɓangaren ganye ba ya sarrafa hasken rana zuwa abinci. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yakan koma asalinsa. Wata rana sai reshe ɗaya ya fito kore shar, kuma da yake ya fi 'yan'uwansa ƙarfi, in ba a tumɓuke shi nan take ba shi zai gaje filin. Ga kuma ganyen mai fari yana ƙonewa da zafin rana a tsakiyar shekara, sai an aske shi ya sake sabo.

A Arewacin Amurka, inda aka shigar da shi don ado, ya tsallake shingen lambuna ya shiga dazuzzuka da bakin koguna. A can yana yin shimfiɗa mai kauri da take hana furannin daji na asali da 'ya'yan bishiyoyi tasowa. Jihohin Amurka irin su Massachusetts da Vermont sun hana sayar da shi. A ganina sun yi daidai, domin ɓarnar ba ta tsaya a gidan wanda ya shuka ba.

Ni dai ba zan ba kowa shawarar sa shi a buɗaɗɗen lambu ba, ko a kusa da shingen maƙwabci, ko inda daji yake kusa. Wurin da ya dace da shi ƙalilan ne: ɗan tsirin ƙasa da kankare ya kewaye ta kowace fuska, kamar tsakanin bango da hanyar mota, ko babbar tukunyar shuka da ba ta taɓa ƙasa. Ko a nan ɗin ma a riƙa yanke furen kafin ya yi iri.

Wanda ya riga ya same shi a filinsa kuwa sai haƙuri, domin aikin ba na shekara ɗaya ba ne. Ana tono da cokalin haƙa mai yatsu maimakon cebur, a bi karan a hankali a zare shi da tsawonsa. Shuke-shuken da ya shiga cikinsu sai an ciro su, an wanke saiwarsu tas, an tsince fararen karan kafin a mayar. Wasu sukan rufe filin da baƙar leda ko kwali mai kauri na tsawon shekara ko fiye, wasu su mayar da wurin filin ciyawa su riƙa yanka a kai a kai har abincin da ya ajiye a ƙasa ya ƙare. Karan da aka tono ba a zuba shi cikin takin gida, don zai rayu ya koma lambu tare da takin. Idan wurin ya tsarkaka kuma har yanzu ana son abin rufe ƙasa mai jure busasshiyar inuwa, masu lambu a Turai sukan koma ga Geranium macrorrhizum ko Epimedium, waɗanda su ma suna bazuwa, amma a hankali, kuma ana iya cire su da hannu idan sun wuce iyaka.