Hunturun Jos da na bakin teku: sanyi, ƙura da taurari

Masu kai dankali da kabeji kasuwar Mile 12 ta Legas su suka fi kawo wannan zancen, a Disamba mutum ya bar Jos da rigar sanyi biyu ya isa Legas yana zufa.

Wai su ma 'yan Legas suna hunturu kuwa?

Suna yi, amma na wasa ne. Iskar ɗaya ce da tamu ta Jos, daga arewa maso gabas take busowa tun ƙarshen Nuwamba har wajen Maris, yawancin ƙurar kuma daga yankin Bodele ne a Chadi. Kafin ta kai bakin teku ƙarfinta ya ragu, ga iskar teku mai laima tana turo ta baya, shi yasa can sai a yi hazo na 'yan kwanaki a lafa.

To me ya sa mu sanyin ke neman kashe mu?

Na farko dai tudu, Jos tana wajen mita 1,200 sama da teku, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6. Sannan iskarmu a bushe take ƙayau, ba gajimare, rana na faɗuwa zafin da ƙasa ta sha sai ya tsere sama, kafin asuba wani daren a kai digiri 10 ko ƙasa da haka. Ruwan teku kuwa baya saurin ɗaukar zafi kuma baya saurin hucewa, ga laima ta lulluɓe garin kamar bargo, da wuya ka ga daren Legas ya sauka ƙasa da digiri 20.

Gaskiya ne sanyi ke sa taurari su fito tar?

A'a malam, ba ruwan sanyi. Rashin gajimare ne ya kawo duka biyun shi yasa ake ganinsu tare. In ƙura ta sauko sosai ai ko wata ma ja yake komawa, ƙananan taurarin su ɓace gaba ɗaya, alhali kana karkarwa. A bakin teku kuma laima ce ke dusashe su, ga fitilun Legas da basa mutuwa. Ni dai a ganina daren da ƙura ta kwanta, ka fita bayan gari wajen duwatsun Shere, Legas bata kama ƙafarmu ba.

Waɗanne ake gani a wannan lokacin?

A Disamba da Janairu bayan isha'i ka kalli gabas, akwai taurari uku a jere reras, Turawa na kiran rukunin Orion. Ka bi layinsu ƙasa za ka ci karo da Sirius wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, ka bi shi sama kuma sai Kaza da 'ya'yanta. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba kuma kowace shekara ana ganin masu tsinkowa da wuta da yawa, burbushin duwatsu ne ke ƙonewa a iska, ba tauraro bane ya faɗo.

Ba abin da bakin teku ya fi mu kenan?

Akwai. A Badagry ko Lekki teku na kudu da kai, ba dutse ba gini, don haka taurarin kudu da suke ƙasa-ƙasa sun fi sauƙin gani, in laima ta bari.

Hazo na hana ganin jinjirin wata?

Sosai ma. Jinjirin yana can ƙasa a yamma bayan magariba, daidai inda ƙura ta fi kauri, kuma baya daɗewa yake faɗuwa. A 2025 ranar 1 ga Maris aka ɗauki azumi, kuma duk shekara yana matsowa da kusan kwana 11, kenan shekaru masu zuwa tsakiyar hunturu za a dinga duban watan Ramadan, masu kai wa fadar Sarkin Musulmi rahoto za su sha aiki.