Waiwaye: tun yaushe kalangu ya koma kayan ado a bidiyo?

Kwanakin nan duk fadar da ka zauna a Zinder, daga Birni har Zango, kafin shayi na biyu ya sauka sai an taɓo maganar kilip ɗin waƙoƙi. Wani ya ciro waya ya nuna maka yaro rataye da kalangu yana dukan fata ta inda ya ga dama alhali sautin da ke fita daban ne, wani ya nuna mai jita da ko waya ba a jona mata ba amma ƙara na tashi kamar an haɗa sono, ga mai busa algaita kumatunsa a lafe kuma wai shi ke fidda wannan doguwar busar da ba ta yankewa. Gardama ta kaure, masu cewa ai wasa ne kowa ya san wasa ne, da masu cewa raini ne ga masu sana'a. Abin da ke damuna a gardamar shi ne kusan kowa na magana kamar bara abin ya faro, wai zuwan manyan wayoyi da gajerun bidiyo ne ya kawo shi. Wallahi abin ya girmi yawancin masu gardamar.

Tarihin da aka fi sani ba sai an ja shi ba. Fim ya fara magana a Amurka a 1927, Indiya ta bi a 1931 da Alam Ara, zuwa 1935 har sun gano dabarar a ɗauki waƙa tun da farko a sitidiyo sannan ɗan wasa ya zo gaban kamera ya riƙa motsa baki. Daga nan aka samu mawaƙan bayan fage irin su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, muryoyin da iyayenmu suka haddace a sinima ba tare da sun san fuskokin masu su ba. Turawa ma sun yi, a My Fair Lady na 1964 yawancin waƙoƙin da ke fita daga bakin tauraruwar muryar Marni Nixon ce. A 1981 tashar MTV ta buɗe, waƙa ta zama abin kallo. A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, fim ɗin Hausa na kaset ya kama hanya, kuma tsakaninmu da Kano ba nisa, kaset ya fito yau jibi yana kasuwar Dole. To duk wannan an sani, shi ya sa da an ce mamin ko pilebak, wato bin waƙar da aka riga aka ɗauka da motsin baki, sai a ce ai Indiya muka kwaikwaya a rufe zance.

Ni kuwa ba nan nake ganin igiyar ta tsinke ba. A fim ɗin Indiya na da, ko da ɗan wasan da ke riƙe da sarewa bai iya busawa ba, akwai wani mutum mai jini a jika da ya busa ta a sitidiyo, akwai ɗaki cike da masu goge da masu ganga da suka zauna suka yi kiɗan nan tare. An raba murya da fuska ne kawai, amma kowane sauti yana da hannun da ya fidda shi, in ɗan wasa mai himma ne zai iya zuwa ya zauna gaban makaɗin ya kalli yatsunsa ya kwaikwaya.

Wurin da ba a cika waiwaya ba shi ne shekarun 1990, lokacin da fiyano mai ɗauke da sautuka iri-iri a cikinsa ya shiga ƙananan sitidiyo na ƙasar Hausa. Na'ura ce mai kyau, ba ita nake zargi ba, kuma yaran da suka koye ta da kunne ba malami ba takarda sun yi abin a yaba. Amma a duba me ya canza a ranar. Kafin nan in kana son kiɗa a fim ɗinka dole ka je ka yi sallama gidan makaɗi, ku yi ciniki, ya zo da yaransa da 'yan amshi, ka ciyar da su, ka jira fatar ganga ta sha rana ta ɗaure, in mutum ɗaya ya yi kuskure a koma farko. Bayan zuwan fiyano mutum ɗaya a ɗaki ɗaya, da yamma ɗaya, zai danna nan ganga ta fito, ya danna can sarewa ta fito, ya lalubo wani sauti da ya yi kama da kalangu ko da masu ƙera na'urar ba su taɓa jin sunan kalangu ba. Mai shirya fim da ke lissafin jikkunansa wanne zai ɗauka? Ba mugunta ba ce, sauƙi ne, kuma kowa a matsayinsa haka zai yi.

Sai dai daga ranar an samu kiɗan da ba wanda ya kaɗa shi. Wannan ne bambancin da fim ɗin Indiya. Sautin "kalangun" da ke cikin waƙar bai fito daga hammatar kowa ba, yatsa ne a kan farin maɓalli. Saboda haka ranar ɗaukar hoto in an ba yaro kalangu an ce ya bi kiɗan, me zai bi? Babu motsin gaskiya da zai kwaikwaya, don ba a taɓa yin motsin ba. Ko ka kawo gwanin gwanaye ka rataya masa, hannunsa ba zai dace da abin da ke fita daga sifika ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu a rumfar mahauta ko a filin dambe ya san abin da nake nufi. Kalangu da hammata ake juya shi, a matse tsarkiya murya ta hau, a saki ta sauko, tsakanin hawa da saukar nan akwai wani jan sauti, shi ne ke sa ganga ta yi Hausa, ta kira sunan mutum, ta yi masa take har ya miƙe tsaye tsigar jikinsa na tashi ba wanda ya buɗe baki. Fiyano bugu ɗaya yake da shi a ajiye, ya maimaita shi sama ko ƙasa, bai san matsa ba bai san saki ba. Haka algaita, mai busa ta a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla kumatunsa ke zama rumbun iska, yana shaƙa ta hanci yana fitarwa ta baki a lokaci guda, shi ya sa busar ba ta yankewa, kuma shekaru ake yi kafin a iya. A fiyano kuwa ka ɗora yatsa ka bar shi, sautin ya yi ta tafiya har gobe. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsarkiya ɗaya gare shi a kan gwangwani, amma yau za ka ga an riƙe kuntigi a kilip ana jin sautuka uku huɗu na fita tare, abin da tsarkiya ɗaya ba za ta taɓa yi ba.

To me ya dawo da kayan kiɗan cikin hoto bayan an kore su daga sauti? Ido. Mutum zaune gaban fiyano ba abin kallo ba ne, kuma masu kallo na son su ga gargajiya, sai aka riƙa aro kalangu da gurmi da ƙwarya yadda ake aro babbar riga da malafa, a jera su bayan mawaƙi. Wani lokacin har makaɗin gaske ake ɗauko wa, a biya shi kuɗin tsayuwa, a ce ya taɓa a hankali kar ya rufe sifikar da mawaƙi ke bi da baki. A ɗauki waƙa ɗaya sau biyar sau shida, nan a bakin dutse, can a cikin lambu, sannan mai montaji ya zauna gaban kwamfuta ya yanyanka ya haɗa, shi kuwa bakin mawaƙi kaɗai yake dubawa, in leɓe ya dace da kalma shi ke nan, hannun makaɗi ko ya faɗa inda ganga ta yi shiru ba wanda zai ce a gyara. Ba don ba a iyawa ba ne, a 2012 an yi fim ɗin Les Misérables 'yan wasa suna rera waƙa kai tsaye a gaban kamera, amma hakan na cin lokaci da kuɗi, kuma yana buƙatar a yarda tun farko cewa kiɗan shi ne aikin, hoto biyo shi yake.

Abin bai tsaya a allo ba, ya biyo mu gidan biki. Mawaƙin da waƙarsa ta fito daga fiyano da kwamfuta ba shi da ƙungiyar da za ta maimaita ta a fili, sai ya zo da kile, 'yar na'urar ajiye waƙoƙi, a aljihu, a soka a sono, ya riƙe makirufo yana bin kansa. Na halarci wani biki a unguwarmu, ana tsakar liƙi kuran ya ɗauke, wurin ya yi tsit, ga mawaƙi ga masu ganga biyu a bayansa amma ba wanda ya iya ci gaba da ko baiti ɗaya, mata suka tsaya da kuɗi a hannu. Na tuna Shata, wanda ya rasu a 1999, da namu Ma'azu Ɗan Alalo, mutanen da in wuta ta ɗauke sai dai a kunna fitila don a ga fuskarsu, kiɗa kam bai san an yi ba.

Yaran da aka haifa bayan 2000 ba su ga wancan zamanin ba, kalangun da suka fi gani shi ne na cikin waya. Ɗan ƙanwata mai shekara goma sha biyu ya samu wani tsohon kalangu a gidan maƙwabta, ya rataya shi a wuya ya sauko masa kan ciki, yana duka da hannu biyu yana rausaya yadda ya gani a kilip. Tsohon da ke da kalangun, mahauci ne da ya daina fita kasuwa, ya kira shi ya ce, "Zo nan jikana, ba haka ake riƙe shi ba." Ya ɗaga masa shi zuwa hammata, ya sa masa gula a hannun dama, ya ce matsa. Yaron ya matsa ya buga, ya saki ya buga, sai ya tsaya yana kallon gangar, ya ce, "Kaka, ashe magana yake yi?"