Gwajin sikila tun kafin a sa rana ake yi

Da sanyin hunturu ya kama, mu da ke aiki a ɗakin yara na asibiti mun san abin da ke tafe. Shekaranjiya da asuba aka kawo yaro daga wani ƙauye a bayan Jega, shekararsa biyu, hannuwa da ƙafafu sun kumbura, idanu sun yi ruwan ɗorawa, ko zanen goyo ya taɓa shi sai ya tsala ihu. Uwar ta ce da ni, "Malama, haka wansa ya yi ta yi har Allah ya karɓi abinsa." Na tambayi uban ko sun yi gwaji kafin aure. Ya ce sun yi, shi O ne.

Jama'a, O rukunin jini ne, amfaninsa a wurin ƙarin jini. Gwajin sikila daban yake, shi ne mai nuna AA, AS ko SS. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana dako, shi ya sa ba a gane shi da ido. Amma in ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu jaririn ya zo da SS, wato mai ciwon sikila. Kowane ciki na ce. Haihuwar mai ciwo ɗaya ba ta kuɓutar da na bayansa. Kuma a daina ɗora wa uwa laifi, rabi daga uba ya fito.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne lokacin da kuke zuwa. Sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, saura mako guda, sannan a tuna da asibiti. A lokacin wa zai iya cewa a fasa? Sai a dawo ana roƙon mai gwaji ya "gyara takarda". Haba! Takarda za ta gyaru, jinin fa? Yaron da bai ji ba bai gani ba shi zai kwana yana kuka da ciwon ƙashi. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ke zuwa da shi duk shekara, amma har yau sai an sa rana muke gwaji.

Na san soyayya, na san nauyin zumunci, musamman in auren gida ne. Don haka nake roƙon iyaye: tun ranar da yaro ya fara zuwa zance, a tura su. Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin da ke kusa da ku, Argungu, Yauri ko Zuru. In ana shakka, a maimaita a wani wurin.

Masu yaro mai sikila a gida kuwa: ruwa da yawa, rigar sanyi, gidan sauro kullum, rigakafi a kan lokaci, maganin da likita ya rubuta kada ya yanke. Ban da tsaga, ban da sakiya. Jiki ya yi zafi ko ya ɗashe, a taho a daren, kada a jira gari ya waye.